Masu Haya a Cikin Ganyen Darbejiya

Duk wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi ya san unguwa ce da magani ya yi wa ƙawanya. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, zaune a bakin Titin Zariya. Ga kantunan magani da ɗakunan gwajin jini sun yi layi a kewayensa. Ga kuma masu maganin gargajiya suna kai-kawo da lasifika a kan mota, suna zayyana cututtukan da kwalba guda za ta kora, tun daga basir har zuwa taifot da sanyin mara. A tsakanin waɗannan duka akwai bishiyoyin darbejiya da muke fakewa a inuwarsu muna jiran a-daidaita-sahu. A nan nake zaune, kuma aikin jarida ya saba mini da sauraron ɓangarorin biyu: likita yana kallon mai sassaƙe a matsayin haɗari ga ƙodar jama'a, mai sassaƙe yana kallon likita a matsayin wanda boko ya raba da gadonsa. Wasiƙar wannan mako a kan wani na uku ne da ba a taɓa gayyata cikin gardamar ba, alhali yana zaune a cikin bishiyar da ake jayayya a kanta.

Na ukun nan fumfuna ce. Mu mun fi sanin kalmar a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da aka manta a leda, amma a wajen masana ilimin halittu dangi ne babba mai zaman kansa, daban da tsirrai, daban da dabbobi. Laimar kwaɗi tana cikinsa, haka ma yis ɗin da ke kumbura fanke. Wani ƙiyasi da masana biyu, David Hawksworth da Robert Lücking, suka buga a 2017 ya ce nau'o'in fumfuna a duniya za su kai tsakanin miliyan 2.2 zuwa miliyan 3.8, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa a lokacin ba su wuce kimanin 120,000 ba.

Wasu daga cikinsu ba sa jiran abu ya ruɓe. A cikin lafiyayyen ganye suke zama, ko saiwa, ko ɓawo, suna ratsa zarensu siriri tsakanin ƙwayoyin halittar tsiron ba tare da sun sa masa ciwo ba. Masanin tsirrai Bajamushe Anton de Bary ya kira su da kalmar endofait a 1866, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "cikin tsiro". Ni na fi son in kira su masu haya, domin kusan duk tsiron da aka bincika an tarar da su a ciki, kuma da yawansu suna biyan kuɗin ɗaki. Tsiro yana ba su sukari da mafaka, su kuma suna haɗa sinadarai masu korar ƙwari da dabbobi masu kiwo da sauran ƙwayoyin cuta. A 1977 wani mai bincike a jihar Jojiya ta Amurka, Charles Bacon, da abokan aikinsa suka gano cewa shanun da ke ramewa bayan sun ci wata ciyawar kiwo, gubar fumfunar da ke cikin ciyawar ce ke cutar da su. Ciyawa ta ɗauki mai gadi, mai gadin kuma ya yi aikinsa.

Daga nan tambaya ta taso: idan masu hayar nan suna ƙera makaman yaƙi da ƙwayoyin cuta domin kare gidan da suke ciki, me zai hana mu ari makaman?

Takarda mai cike da harafin R

Abin da ya sa na damu da tambayar ya faru ne a cikin danginmu. Jaririyar yayata ta kamu da zazzaɓi tun kafin a yi suna, aka kwantar da ita a wani asibiti, aka ɗebi jininta aka shuka a ɗakin gwaji. Bayan kwana uku sakamako ya fito: sunan bakteriya a sama, jerin magunguna a ƙasa, gaban kowanne da harafi ɗaya. Likitar ta yi mana bayani cewa S na nufin maganin zai yi aiki, R na nufin ƙwayar cutar ta bijire masa. Na bi jerin da yatsa, R ce ke bin R, sai can ƙasa aka sami S guda biyu, kuma dukansu allurai ne masu tsada. Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi. Amma har yau ina tuna yadda zaɓin da ya rage mata bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Takardarmu ba ita kaɗai ba ce. Wani babban bincike mai suna BARNARDS, wanda masana daga Jami'ar Cardiff suka jagoranta, ya bi diddigin jarirai a ƙasashe bakwai na Afirka da Kudancin Asiya daga 2015, kuma Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano yana cikin cibiyoyin da aka yi aikin. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa akasarin bakteriyar da ke gurɓata jinin jarirai, irin su Klebsiella, sun daina jin ampisilin da jentamaisin, wato magunguna biyun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara da su. A 2022 mujallar The Lancet ta buga ƙiyasin cewa a shekarar 2019 kaɗai bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, tana kuma da hannu a mutuwar kusan miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi muni idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, inda mutum 27 cikin kowane 100,000 suka mutu ta wannan hanya.

Yadda muka iso nan ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya shiga kemis ya sayi kafso "ja da yalo" guda huɗu don gudawa. Uwa ta ɗiga wa jariri Ampiclox don "wanke masa ciki". Mai kiwon kaji ya zuba antibayotik a ruwan sha tun daga ranar farko. Kowane rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Alexander Fleming da kansa ya yi gargaɗi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

Tsohuwar ma'adana, sabon rami

Neman magani a jikin fumfuna tsohuwar hanya ce. Fenisilin daga fumfunar da ta faɗa cikin farantin gwajin Fleming a Landan a 1928 ya fito. A 1945 Giuseppe Brotzu ya ɗebo wata fumfuna daga ruwan teku kusa da bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya na Italiya, kuma daga zuriyarta aka sami seftiriyazon, allurar da kusan kowane gida a Kano ya taɓa saye. Girisiyofulbin da ake ba yara masu makero a kai shi ma daga fumfuna yake. Sai dai an shafe shekaru ana tonon ƙasa ana shuka abin da ke cikinta, har ta kai ga duk abin da aka tono sai a tarar an riga an san shi. Cikin tsiro kuwa rami ne da ba a taɓa shiga sosai ba.

Abin da ya jawo hankalin duniya gare shi ya faru a 1993. Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na Jami'ar Jihar Montana suka ba da rahoto a mujallar Science cewa wata fumfuna da suka ciro daga ɓawon bishiyar yew tana haɗa taksol, maganin sankara wanda a lokacin sai an sassaƙe bishiyoyi masu yawa kafin a samu na majinyaci ɗaya. Tunanin cewa za a iya noma magani a cikin tanki maimakon a kashe daji ya sa ɗaruruwan ɗakunan gwaji suka rungumi fannin. Darbejiya ma ta shiga sahu: a 2012 Souvik Kusari da Michael Spiteller na Jami'ar Fasaha ta Dortmund da abokan aikinsu suka ba da rahoton wata fumfuna daga cikin darbejiya mai haɗa azadiraktin, sinadarin da ke sa ƙwari su guje wa bishiyar.

Akwai kuma wanda ya kai har kantin magani. A 2000 masana na kamfanin Merck a Sifen suka bayyana wani sinadari, enfumafunjin, daga fumfunar da ke zaune a cikin ɗanyen ganyen bishiyar junifa. Yana hana fumfuna mai cutarwa gina bangon ƙwayar halittarta. Masana haɗa sinadarai suka yi ta gyara shi har ya zama abin da za a iya haɗiya, kuma a watan Yunin 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan ibrexafungerp, don maganin cutar kandida ta mata, ɗaya daga cikin abubuwan da muke tattarawa mu kira "sanyi". Mai karatu ya lura da lissafin: shekara 21 tsakanin ganye da ƙwayar magani.

Gabas da yamma

Kakata ba ta yarda da sabarar bakin hanya. Idan za ta dafa wa mai jego, sai an kawo mata ta daji, kuma idan sassaƙen marke ko maɗaci take so, sai ta ce a saro mata gabas da yamma. Mun ɗauki abin a matsayin al'ada kawai. Ilimin masu haya bai tabbatar da ƙa'idarta ba, amma ya nuna cewa tambayar da ke ƙarƙashinta mai ma'ana ce. Yawancin fumfunar da ke cikin ganyen bishiyoyi daga iska da ruwan sama da ƙasar wurin suke shigowa, don haka nau'insu yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga damina zuwa rani, daga saiwa zuwa ganye. Bishiya biyu masu suna ɗaya suna iya zama gida biyu masu mazauna daban.

Wannan yana da muhimmanci gare mu. Darbejiya baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, wadda aka shigo da ita Najeriya ta Borno a 1928. Abin da aka gano a cikin ta Indiya ba lallai ya zama shi ne a cikin ta Tarauni ba, wadda ta shekara tana shan ƙurar hunturu da zafin bazara. Sabara da bagaruwa da marke da hano kuwa 'yan gida ne na wannan sashe na Afirka, kuma tun 1916 likitan mulkin mallaka J. M. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a littafinsa na ƙamus ɗin tsirrai. Sanin masu magani na cewa wannan ganye ana wanke gyambo da shi, wancan ana sha don gudawa, taswira ce da ke rage wa mai bincike yawo. Tana nuna masa ƙofar da ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa.

Matakin farko na aikin ba shi da tsada. Ana wanke ganye, a tsoma shi cikin etanol, sannan cikin ruwan bilic, a ɗauraye da ruwa mai tsabta domin a kashe duk abin da ke bayansa. A yanka shi ƙanana, a jera a kan farantin gwaji mai abincin da aka haɗa da ruwan dankalin turawa da sukari. Bayan 'yan kwanaki sai zare ya fara fitowa daga bakin yankan, fari ko baƙi ko kore. A ware kowanne, a rene shi a kan dafaffiyar shinkafa ko cikin romo na wasu makonni, a tatso sinadaransa, a ɗiga a kan farantin da aka shuka bakteriya. Idan wani fili ya buɗe a kewayen ɗigon, inda bakteriyar ta kasa tsirowa, to akwai abin dubawa. Ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello zai iya kaiwa nan.

Inda ɗoki ke yaudara

A daidai wannan fili ne ya kamata mu 'yan jarida mu riƙe alƙalaminmu. Sabulu ma yana kashe bakteriya a faranti, haka ma bilic. Magani shi ne abin da zai kashe ƙwayar cuta a cikin jikin mutum ya bar mutumin da hantarsa da ƙodarsa, ya jure ruwan ciki, ya isa inda ciwon yake, ya daɗe gwargwadon buƙata. Mafi yawan sinadaran da suka yi rawar gani a faranti a nan suke faɗuwa.

Taksol ɗin Montana ma bai cika alkawarinsa ba. Abin da fumfunar ke bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram a kowace lita ba, kuma a 2013 wasu masana a Jamus suka binciki kundin gadon halittarta suka ce ba su ga umarnin haɗa taksol a ciki ba. Har yau daga tsiron ake samo maganin. Wata matsalar ita ce mai haya yakan yi shiru idan aka raba shi da gidansa: bayan an sake shuka shi sau da yawa a faranti sai ya daina haɗa abin da ake nema, domin babu abokin gabar da zai tsokane shi.

Darasin da ya fi kusa da mu daga arewacin Kamaru ya zo. A 2013 wasu masana suka sanar da cewa sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiya, tsiron da ake sha don ciwon jiki da zazzaɓi, labari ya zagaya duniya cewa daji ya riga masana'anta haɗa maganin. Shekara guda bayan haka Kusari da Spiteller suka koma yankin, suka tarar cewa manoma suna ba shanun huɗa tiramadol don su jure aiki, shanun suna fitsari a gindin itatuwa, saiwa tana zuƙa. Tafashiyar da aka ɗebo daga kudancin ƙasar, inda ba a wannan ɗabi'a, ba ta da shi. Abin da aka ɗauka baiwar tsiro ashe sawun ɓarnarmu ne.

Kuma kada mu manta cewa dangin da ke ba da magani shi ke ba da guba. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Birazil. A nan aka gano aflatoksin, gubar fumfunar Aspergillus mai jawo sankarar hanta, wadda har yau take addabar gyaɗa da masararmu. Danginta suna cikin waɗanda ake yawan cirowa daga cikin tsirrai, kuma suna iya kama sassaƙen da aka adana da danshi. Saboda haka duk mai lasifikar da zai ce "bincike ya tabbatar" da kwalbarsa saboda an ga fili a faranti, ya ɗauki aron rigar da ba tasa ba. Wanda jininsa ya gurɓata da bakteriya asibiti ne wurinsa, yau ba gobe ba.

Abin da ya rage mana

Gibin da ke gabanmu yana farawa ne bayan farantin. Dole a tantance fumfunar ta hanyar karanta gadon halittarta, a ware sinadarin shi kaɗai, a gano siffarsa da na'urori masu tsada da ke buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Masana a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, waɗanda suka yi nisa a wannan fanni a Najeriya, sun yi yawancin wannan mataki ne tare da Jami'ar Heinrich Heine da ke Düsseldorf a Jamus. Kasuwa ma ba za ta zo ta cece mu ba: kamfanin Achaogen na Amurka ya sami amincewar sabon antibayotik a 2018, ya kuma durƙushe a 2019, domin sabon magani irin wannan ɓoye shi ake yi sai ranar tsanani, ba a sayar da shi da yawa.

Duk da haka akwai abubuwa uku da ba su fi ƙarfin Kano ba. Na farko, ma'ajiya. Fumfunar da ɗalibi ya ciro bai kamata ta mutu ranar da ya kare kundinsa ba. Tana buƙatar firji mai tsananin sanyi, da lamba, da bayanin bishiyar da wurin da watan da aka samo ta, domin wanda zai zo bayansa ya ɗora daga inda ya tsaya. Na biyu, haɗin hannu tsakanin ɗakin gwajin asibiti da na jami'a. Bakteriyar da ta bijire wa magani a jikin majinyatanmu ita ce ma'aunin da ya dace a gwada sabon sinadari a kanta, kuma a Gyaɗi-Gyaɗi asibitin koyarwa da kwalejin likitancin Jami'ar Bayero a harabar guda suke. Na uku, adalci ga masu ilimin. Najeriya tana da misali a Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta inganta a shekarun 1990 daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, bisa yarjejeniyar raba amfani. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta mayar da wannan ƙa'ida ta duniya. Tsohon da ya nuna wa mai bincike bishiya a Kasuwar Kurmi ya cancanci sunansa ya shiga takarda tun ranar farko.

Akwai na huɗu wanda ya rataya a wuyan kowa. Dubi maɗacin da ke cikin gari, za ka ga yawancinsu an sassaƙe su har iya inda hannu ya kai, wasu an zagaye su gaba ɗaya, abin da ke yanke hanyar abinci tsakanin ganye da saiwa ya kashe bishiyar a tsaye. Marke yana tafiya a buhun gawayi. Kowace tsohuwar bishiya da ta faɗi tana tafiya da mazaunanta, waɗanda wataƙila babu wanda ya taɓa shuka su a faranti balle ya san abin da suke haɗawa. Binciken masu haya gutsuren ganye kawai yake buƙata, bishiya ta ci gaba da rayuwarta.

Ko da an fara yau, lissafin junifa ya nuna cewa jaririn da aka haifa bana zai iya gama jami'a kafin wani magani ya fito daga sabara ko bagaruwa. Kafin nan, magungunan da ke hannunmu su ne jarinmu. A sha su da umarnin likita, a cika kwanakinsu, a nemi gwaji kafin a canza, a daina zuba su a ruwan kaji don ƙiba. Tun ran gini, ran zane.